Kundin Aiki: Neman Abin da Zai Riƙe Rizobiya da Rai a Zafin Sakkwato

7 ga Afrilu, 2025

Yau na buɗe wannan kundi domin rubuta yadda gwajin maɗaukin rizobiya, wato garin da ake ajiye ta a ciki, zai gudana daga bazarar nan har tsakiyar damina. Rizobiya ƙwayoyin bakteriya ne da ke shiga saiwar wake, gyaɗa da waken suya, su sa ta fitar da ƙullutai, sannan daga cikin ƙullutan su riƙa kamo naitirojin na iska suna mayar da shi abincin shuka. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cin gajiyarsa kai tsaye, shi ya sa manomi ke kai kuɗinsa ga buhun yuriya. Tun 1888 Beijerinck, masanin ƙasar Holan, ya ware wannan ƙwaya daga ƙullutan saiwa, kuma a 1896 Nobbe da Hiltner suka fitar da ita kasuwa a Jamus da sunan Nitragin.

Ƙwayar ba ta jure bushewa ko zafi, don haka dole a zuba ta cikin wani gari mai laushi mai riƙe danshi, wanda zai zama mazauninta daga ɗakin gwaji har ranar da za a shafa ta a jikin iri. Wannan garin shi ne maɗauki. Duniya ta fi dogara da ƙasar fit, wato tsirran da suka daɗe suna ruɓewa a cikin fadamun da ruwa ba ya ƙafewa, akasari a ƙasashen sanyi, kuma ita ce ke cikin NoduMax, garin rizobiyar waken suya da IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, ke yi. Mu a nan ba mu da fit, sai an shigo da ita da kuɗin waje. Abin da nake son sani shi ne ko a cikin kayan da muke takawa kullum a Sakkwato akwai wanda zai maye gurbinta, ya riƙe ƙwayoyin da rai a watannin da zafi ke haura digiri 40.

Zan gwada abu biyar: gawayi, ɓuntun shinkafa da aka ƙona ya zama baƙi, ruɓaɓɓen takin turke, garin katako, da cakudar gawayi da taki. Ɗakin gwajin da ya ba ni wurin aiki ya kuma ba ni ɗan fit domin kwatance, tare da ƙwayar da zan rena, wato Bradyrhizobium mai lamba USDA 110. Na zaɓi waken suya ne saboda wake da gyaɗa suna samun rizobiyar da ta dace da su a cikin ƙasarmu tun fil azal, ko an shafa musu ko ba a shafa ba za su yi ƙullutai, don haka ba za su nuna mini bambancin maɗaukai a fili ba.

10 ga Afrilu

An tattara kaya. Rabin buhun gawayin ƙirya naira 3,500, garin katako naira 500, dako naira 2,000. Ɓuntun shinkafa kyauta na same shi a wani injin casa da ke karɓar shinkafar fadamar Kwalkwalawa, takin kuma daga ƙasan wani tsohon turke na ɗebo shi, inda ya shekara ya yi baƙi, ba ya wari, ba ya kuma ɗumi idan an cusa hannu a ciki. Takin da bai gama ruɓewa ba yana fitar da amoniya, ita kuwa tana kashe ƙwayoyin.

15 ga Afrilu

Aikin niƙa da tankaɗe ya fi yadda na zata cin lokaci. Maɗaukin da za a shafa wa iri dole ya yi laushi ƙwarai, in ba haka ba zai zube daga jikin irin tun kafin ya kai rami. Mai injin niƙa ya karɓi naira 1,500, bisa sharaɗin in bari sai ya gama da masu hatsi, saboda baƙin gawayi. Rariyar ƙarfe mai ƙananan idanu ta ci naira 4,000. Gawayi da ƙonannen ɓuntu sun wuce rariyar ba gardama. Takin kuwa cike yake da yashi, kusan rabinsa ya tsaya a sama, kuma wannan abin lura ne ga duk wanda zai yi aikin da yawa nan gaba, domin turakunmu a kan rairayi suke. Garin katako ya ƙi laushi, yana fita zare-zare, sai da aka mayar da shi inji.

Daga nan na auna tsamin kowanne da ma'aunin pH, wanda ƙasa da 7 ke nuna tsami, sama da 7 kuma kanwa-kanwa. Rizobiya ta fi son tsakanin 6.5 da 7.0. Takin ya ba da 7.3, wanda ba laifi. Gawayi ya kai 8.6, ƙonannen ɓuntu 8.9, dukansu saboda tokar da ke jikinsu, sai na jiƙa su a ruwa na riƙa tsiyayewa ina sake zubawa har suka sauko kusa da 7.5, sannan na shanya su a inuwa. Garin katako da fit sun yi tsami, ƙasa da 5.5, don haka na gyara su da garin farar ƙasa har suka kai 6.8. Na yi amfani da na ɗakin gwaji, amma dutsen da ake haƙa a Kalambaina domin siminti asalinsa ɗaya da wannan garin, kuma idan aikin ya girma zan gwada shi.

Gwaji na uku shi ne riƙe ruwa, kuma a ganina shi ne zai yanke hukunci a garinmu. Fit ta sha ruwa fiye da kowa. Taki da garin katako suka biyo baya. Gawayi yana shan ruwa da sauri amma da na bar shi a faranti na ɗan lokaci sai ya sake shi da sauri, ƙonannen ɓuntu kuma ya fi shi saurin bushewa. Wannan ya sa na tsayar da cakudar a kan kashi biyu na gawayi da kashi ɗaya na taki, da fatan gawayin ya ba da kafofin iska, takin ya riƙe danshi ya kuma ba da ɗan abinci.

18 ga Afrilu

An auna giram 50 na kowane maɗauki a cikin leda, leda goma sha biyu ga kowanne. An rubuta lamba a jikin kowace.

23 ga Afrilu

Turarawar farko ta lalace. Kafin a zuba rizobiya, dole a kashe duk wata ƙwaya da ke cikin maɗaukin, domin USDA 110 tana girma a hankali, kuma duk wata bakteriya ko fumfuna da ta riga ta zama za ta cinye abincin ta danne ta. A Ostireliya da wani haske mai kashe ƙwayoyi da ake kira gama ake yin wannan aiki, mu kuwa sai tukunyar matsi, wadda ke kai tururi digiri 121. Ledar da aka sayo a kasuwa, naira 1,200, ba ta jure wannan zafin ba. Da aka buɗe tukunyar, ledojin sun narke sun manne da juna, gawayi ya gauraya da taki, ruwan ƙasan tukunyar ya koma baƙi ƙirin, lambobin da na rubuta kuma sun bi tururi. Duk abin da ke cikin wannan zubin sai zubarwa.

Leda iri biyu ce. Ta folietilin, wadda aka fi sani a kasuwa, tana narkewa kafin a kai digiri 121, ta folifirofilin kuma tana jurewa. Na samu ta biyun a wurin masu sayar da kayan asibiti a kan naira 6,500. Allah ya sa na niƙa kaya fiye da buƙata, don haka an sake aunawa ba tare da komawa inji ba. Yanzu tsarin shi ne a jiƙa garin kaɗan, domin tururi ba ya ratsa busasshen gari da kyau, a naɗe bakin ledar ba tare da an liƙe ba, a turara awa ɗaya, a bar shi ya kwana, washegari a sake turarawa awa ɗaya domin kashe ƙwayoyin da suka farka bayan zafin farko, sannan a liƙe. Gas ya ci naira 9,000.

29 ga Afrilu

An gama turara duka ledojin, babu wadda ta fashe. An dasa ƙwayar a cikin romon reno, wanda kowace lita ke ɗauke da giram 10 na sukarin manitol, da ɗan tsamin yis, da gishirin fosfet da na magniziyam, da ɗan gishirin girki giram 0.1. Sinadaran nan tare da aga, garin da ke daskarar da romo a farantin reno, da jan rinin Kongo su ne mafi tsada a aikin zuwa yanzu, naira 52,000.

3 ga Mayu

Romon ya mutu. An ɗauke wuta tun daren shekaranjiya, kuma ba ta dawo ba sai yau da hantsi. Akwatin renon yana riƙe digiri 28 ne idan da wuta, amma a watan Mayu a Sakkwato aikinsa na sanyayawa ne, saboda ɗakin da kansa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Ma'aunin da na bari a ciki ya nuna zafin ya kai 41. Injin girgiza kwalabe shi ma ya tsaya, ga shi ƙwayar tana buƙatar iska. Romon da ya kamata ya fara yin fari kamar an ɗiga madara ya tsaya garau, wata kwalbar kuma ta yi wari, alamar wata ƙwaya daban ta samu shiga.

Wannan ya tsaya mini a rai, ba don asarar sinadaran kaɗai ba. Idan a cikin ɗakin gwaji, ƙarƙashin kulawa, kwana biyu na zafi sun isa su kashe ƙwayar, to ina ga fakitin da zai yi makonni a shagon mai sayar da maganin ƙwari, ƙarƙashin kwano, ko a akwatin ɗan kabu-kabu da tsakar rana? Na ƙara wani sashe a tsarin gwajin saboda haka: kowane maɗauki za a ajiye shi a wuri uku daban, a ga yadda zai yi. An sake dasa ƙwayar daga ajiyar firji, kuma na ware naira 14,000 na man janareta domin kwanakin reno.

10 ga Mayu

Romo na biyu ya yi kyau, ya yi kauri da fari bayan mako guda. Na duba shi a faranti mai jan rinin Kongo da aka dasa tun farko, ɗigogin sun fito ƙanana, farare, ba su sha rinin ba, kamar yadda ake sa ran gani ga rizobiya. Da daddare, lokacin da iska ta kwanta kuma ƙura ta ragu, na yi allurar romon a cikin ledojin kusa da wutar fitila, ina goge wurin hudar da sifirit kafin da bayan allura, sannan in liƙe da salatif. Kowace leda mai giram 50 ta samu mililita 33, abin da ya kai danshinta kusan kashi 40 cikin ɗari. Ana murza ledar da hannu har romon ya game ko'ina. Danshin da ake nema shi ne irin na garin dambu kafin a ɗora shi a madambaci: idan an dunƙula ya dunƙulu, idan an taɓa ya warware, ba ya ɗigar da ruwa. Gawayi zalla ya ɗan yi caɓi da wannan adadin, taki da fit kuwa sun shanye nasu sarai.

Za a bar ledojin mako biyu a digiri 28 domin ƙwayoyin su yaɗu su zauna.

17 ga Mayu

Ba wani sabon abu. Janareta na aiki da rana, wutar gari na zuwa da dare.

24 ga Mayu

An ɗebi giram 10 daga leda ɗaya ta kowane maɗauki, an kaɗa a mililita 90 na tataccen ruwa, an riƙa tsinkawa sau goma-goma, an shimfiɗa a farantai. Sai bayan mako guda za a iya ƙirga ɗigogin da suka tsiro, waɗanda ke nuna yawan ƙwayoyin da ke raye.

31 ga Mayu

Ƙirgen farko ya fito. A kowane giram, fit ta ba da kusan biliyan 2, taki zalla biliyan 1.9, cakudar gawayi da taki biliyan 1.6, gawayi zalla miliyan 900, ƙonannen ɓuntu miliyan 600, garin katako kuwa miliyan 40 kacal. Ma'aunin Ostireliya ga garin fit shi ne biliyan ɗaya a kowane giram, wasu ƙasashen kuma suna karɓar miliyan 100, kuma wannan na biyun shi na ɗauka a matsayin layin da ba zan yarda a sauka ƙasa da shi ba.

Dalilin layin yana cikin lissafi. Ana shafa giram 10 na gari ga kilo ɗaya na iri, kuma da na auna irin da zan shuka, kilo ɗaya yana da ƙwayar iri wajen 7,500. Garin da ke da biliyan ɗaya zai ba kowane ƙwayar iri sama da rizobiya miliyan ɗaya, mai miliyan 100 zai ba shi wajen 130,000, mai miliyan 10 kuwa 13,000 kawai, kuma da yawansu za su mutu a jikin irin kafin saiwa ta fito. Manomin da aka sayar wa irin wannan na ƙarshe gawayi kawai ya saya, kuma ba zai sake yarda da maganar rizobiya ba ko da an kawo masa mai kyau.

Na cire garin katako daga gwajin. Wurin masu yankan katako itatuwa iri-iri ne ke gauraya, kuma wasu itatuwan suna da sinadaran da ke hana ƙwayoyi girma.

Sauran biyar ɗin an raba su gida uku. Kashi ɗaya yana firji. Kashi na biyu yana kan kanta a wani ɗaki mai rufin kwano marar silin, irin shagunan da manomanmu ke sayen kaya. Kashi na uku yana cikin tukunyar ƙasa da aka zaunar a cikin randa, aka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, aka rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, wato dabarar nan ta tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yaɗa domin ajiye kayan miya. Randa da tukunya sun ci naira 5,500. An auna nauyin kowace leda kafin ajiya.

4 ga Yuni

Da la'asar ɗakin kwano yana kai digiri 43, cikin tukunyar kuma yana tsakanin 27 da 29. Ana zuba wa yashin ruwa safe da yamma. Aiki zai tsaya saboda Babbar Sallah, ban da shayar da randa.

12 ga Yuni

Fumfuna ta kama takin. Ledoji huɗu na taki zalla, uku a ɗakin kwano ɗaya a randa, sun yi tabo kore da baƙi. Da na ɗaga su a haske na lura cewa a duk huɗun tabon ya faro ne daga daidai wurin hudar allura, ya yi zobe yana faɗaɗa zuwa ciki, kuma salatif ɗin da ke wurin ya ɗago ta gefe ɗaya, zafi ya narkar da gam ɗinsa. Wannan ya nuna turarawar ta yi aikinta, daga waje fumfunar ta shigo bayan an gama.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ledojin gawayi zalla da na cakuda su ma salatif ɗinsu ya ɗago a ɗakin kwano, amma ko ɗaya ba ta yi tabo ba. Takin yana da abincin da ya sa rizobiya ta yi yawa a ƙirgen farko, kuma wannan abincin shi ne ya gayyato fumfuna. Maɗaukin da ya yi kyau sai an tsare shi kamar ƙwai ba zai yi mana amfani a ƙauye ba, don haka taki zalla ya fita daga lissafina ko da sauran ledojinsa za su ba da ƙirge mai kyau. Na zubar da huɗun, na liƙe hudar sauran da zafin ƙarfe a maimakon salatif, kuma haka za a riƙa yi daga yanzu.

21 ga Yuni

An yi ruwa sama-sama sau da yawa amma ƙasa ba ta jiƙu sosai ba. An samo irin waken suya mai lamba TGx 1835-10E, mai saurin nuna, wanda ya fi dacewa da gajeriyar daminarmu. Iri, takin supa da ƙaro sun ci naira 8,000.

28 ga Yuni

An shimfiɗa farantan ƙirge na biyu, mako huɗu da fara ajiya. An sake auna nauyin ledojin.

5 ga Yuli

Wannan ƙirgen ya sauya yadda nake kallon aikin gaba ɗaya. A firji kowane maɗauki ya riƙe kusan abin da ya fara da shi, kuma wannan bai koya mini komai ba, tunda manoman da nake yi wa aikin ba su da firji. A ɗakin kwano kuwa babu wanda ya tsira a saman layin miliyan 100, har da fit ɗin da ake taƙama da ita, wadda ta sauko zuwa miliyan 90. Cakuda ta ba da miliyan 70, gawayi zalla ya faɗo ƙasa da miliyan 10, ƙonannen ɓuntu kuma da ƙyar na samu ɗigon da zan ƙirga. Sikeli ya bayyana dalilin: ledar gawayi da ta shiga ɗakin da nauyin giram 83 ta fito da 71, ta ɓuntu da 69, ta cakuda da 77. Ruwan yana fita ta jikin ledar da kanta, kuma gwargwadon bushewar gari gwargwadon mutuwar ƙwayoyin.

A randa labarin daban ne. Fit ta riƙe sama da biliyan ɗaya, cakuda miliyan 800, gawayi zalla miliyan 300, ɓuntu miliyan 120, kuma babu ledar da ta rasa fiye da giram 2 na nauyinta, saboda iskar cikin tukunyar da kanta tana da danshi. Ke nan tazarar da ke tsakanin cakudarmu ta gida da fit ta waje ƙarama ce idan aka kwatanta da tazarar da ke tsakanin randa da ɗakin kwano. Na fara aikin ina neman garin da ya fi kowanne, yanzu kuwa na gamsu cewa a Sakkwato ba za a raba maganar maɗauki da maganar wurin ajiya da kaurin leda ba.

9 ga Yuli

Ƙasa ta jiƙu, an yi shuka. Gwajin gida biyu ne. Na farko a tukwane da yashin kogin Rima da aka wanke aka turara, inda babu wata rizobiya sai wadda na saka. Na biyu a gonar wani dattijo a yankin Boɗinga, wanda ya ba ni gefe ɗaya na gonarsa da ba a taɓa shuka waken suya a ciki ba. Ana buƙatar na tukwanen saboda irin TGx an ƙirƙire shi ne a IITA ya iya ƙulla alaƙa da rizobiyar da ke ƙasar Afirka, don haka a gona ko wanda ba a shafa wa komai ba zai iya yin ƙullutai.

Mun fara da asuba a gindin dogon yaro. Na narka ƙaro a ruwan ɗumi tun dare, na yayyafa kaɗan a kan irin har ya yi sheƙi, na zuba garin na juya a ƙwarya har kowane ƙwaya ya yi baƙi, sannan aka baza a inuwa ya sha iska kafin a kai rami. Dattijon ya tsuguna yana kallo, sai ya ce, "Malam, wanga baƙin gari da kac ce, mi za shi yi ma wake?" Na ce, "Baba, masu rai ne a ciki, idan Allah ya sa sun kama, za ka ga ganyen ya yi kore shar ba tare da ka zuba yuriya ba." Ya ce to a bari a gani, amma ya tambaya ko za a iya haɗa shi da jan maganin da suke shafa wa iri saboda ƙwari da ruɓewa. Tambaya ce mai nauyi, domin wasu daga cikin magungunan nan suna cutar da rizobiya, kuma manomanmu ba sa son shuka ba tare da su ba. A wannan gwajin ba mu saka ba, amma na rubuta shi cikin abubuwan da za a gwada.

An fara shuka kunyoyin da ba a shafa wa komai ba, sannan aka wanke hannu aka shiga na garin, domin kada hannu ya kai ƙwayoyin inda ba a so. Duk kunyoyin sun samu takin supa daidai wa daida, saboda ƙullutai ba sa aiki sai da fosforas, ƙasarmu mai rairayi kuma tana da ƙarancinsa. Kafin rana ta yi zafi an rufe rami na ƙarshe.

16 ga Yuli

Tsiro ya fito da kyau a gona da tukwane. Da shigowar damina sosai, sanyin randa ya ragu saboda danshin iska, bambancinta da ɗaki bai wuce digiri 4 ba, amma ɗakin shi ma ya sauko.

27 ga Yuli

Ruwa mai ƙarfi ya fasa kunyar da ta raba wani fegi na cakuda da fegin da ba a shafa wa komai ba a gangaren gonar, ya kwashi ƙasa daga na sama ya zuba a na ƙasa. Rizobiya na bin ruwa, don haka wannan fegin ba zai ƙara zama abin kwatance ba, na cire shi daga lissafi. Saura wurare biyu a tudu inda aka maimaita wannan kwatancen. An gyara kunyar, an yi noman farko.

19 ga Agusta

Waken ya fara fure, lokacin duba saiwa ya yi. A tukwane bambancin ba ya buƙatar ma'auni. Waɗanda ba a shafa wa komai ba sun yi ɗorawa, gajeru, saiwarsu fes babu ƙullutu ko ɗaya. Na cakudar randa da na fit ɗin randa sun yi kore, kuma da na wanke saiwar a bokiti sai ga ƙullutai manya sun kewaye uwar saiwa daga sama, daf da inda irin ya tsage, wanda shi ne alamar ƙwayoyin jikin irin ne suka kama da wuri. Na tsaga wasu da reza, cikinsu ja ne mai ruwan hoda, launin sinadarin legihimogulobin da ke nuna ƙullutun yana aikin kamo naitirojin. Na gawayin randa sun yi ƙullutai amma ba su kai waɗancan yawa ba. Na cakudar ɗakin kwano sun yi 'yan kaɗan a warwatse a ƙananan saiwoyi, na ɓuntun ɗakin kwano kuwa ba su bambanta da waɗanda ba a shafa wa ba.

A gona mun haƙo shuke-shuke da fartanya a hankali domin kada ƙullutan su tsinke. Kamar yadda aka zata, waɗanda ba a shafa wa ba sun yi ƙullutai, amma ƙanana ne, a nesa da uwar saiwa, kuma da yawansu fari ne ko kore a ciki. Na cakudar randa sun fi yawa da girma, kuma ja ne. Dattijon ya karɓi rezar ya tsaga da kansa, ya jera biyu a tafin hannunsa yana kwatantawa, sannan ya ce in kawo masa na wake da na gyaɗa baɗi, domin su ne abincinsa da harawar dabbobinsa. Na gaya masa gaskiya cewa ba zan ba kowa garin nan ya shuka gonarsa da shi ba sai ya wuce gwajin ajiya mai tsawo, kuma hukumomin da ke kula da ingancin irin waɗannan kaya sun duba shi.

23 ga Agusta

Jimillar kuɗin da aka kashe zuwa yau naira 107,700 ne. Daga ciki, kayan maɗaukin da dakonsu da niƙansu ba su wuce 7,500 ba, sauran duk sun tafi ga sinadarai, leda, gas, mai da kayan gona. Saboda haka mataki na gaba zai karkata ga rage tsadar turarawa da reno, kuma ina neman farashin ƙaramin sola da zai riƙe akwatin reno da injin girgiza a maimakon janareta.

A watan Oktoba za a girbe fegin Boɗinga a auna nauyin tsaba da na harawa. Zubi na biyu zai fara a Nuwamba da cakudar gawayi da taki kawai, a gwada kashi biyu da ɗaya da kuma kashi ɗaya da ɗaya, a leda mai kauri da leda ninki biyu, duk a liƙe da zafi, a riƙa ƙirgawa kowane wata har Yuni domin garin ya ratsa hunturu da bazara gaba ɗaya. Za a kuma gwada shi tare da maganin shafa wa iri. Kafin damina ta janye zan tattaro jajayen ƙullutai daga wake da gyaɗa a gonakin Boɗinga, Wurno da Kware, a busar da su a kwalabe masu sinadarin shanye danshi, domin ware rizobiyar gida da ta saba da zafinmu.